Albasar Ƙarshe ta Wilf Teasdale

Thornhope, Maris 1986

Zuwa ga Alwyn,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci na kirki, ba burodi da shayi kawai ba. Ni da sauƙi, ban da ƙugun nan da ke tashi duk sa'ad da hadari ya haɗo, ka kuwa san garin nan, hadari ba ya hutu.

Katinka na ta'aziyya ya iso, na gode. Na jingine shi kusa da agogo. Kada ka damu da rashin zuwanka jana'iza. Na san jarrabawa ce ta riƙe ka a Landan, kuma da Baffanka Wilf zai iya magana, shi zai fara cewa ka zauna ka yi karatunka.

Bai sha wahala ba. Ya dawo daga lambu, ya zauna a kujerar bakin ƙofa zai cire takalmi, ya cire ɗaya. Shi ke nan. Likita ya ce zuciya ce.

Bayan maƙabarta aka yi shayi a kulob, a babban ɗakin nan da ake barin mata su shiga. Jossy Pallister, sakataren gasar albasa, ya miƙe da kofinsa ya ce, "Jama'a, sama da shekara talatin Wilf Teasdale yana kawo albasarsa teburin nan, kuma ba a taɓa yin wanda ya kai shi faɗuwa ba. Sau ɗaya ya zo na biyun ƙarshe, shi ma shekarar da akuya ta shiga lambun Stobbs ce." Aka yi ta dariya, wasu har da hawaye. Ni ma na yi, don na san Wilf zai fi kowa yi. Amma da na dawo gida na rufe ƙofa, maganar ta tsaya mini a wuya. Mutum ya yi shekara arba'in a ramin kwal bai taɓa makara ba, abin da za a tuna shi da shi ke nan?

To ga dalilin wasiƙar. Washegarin Kirsimeti ya shuka irinsa a ɗakin gilashi kamar kullum. Bayan an binne shi na je in kashe hitar kananzir, sai na tarar sun fito, sirara kamar allura, kore shar. Na kasa kashewa. Tun ranar nake zuwa safe da yamma. Ina so su hau teburin gasa a watan Satumba da sunansa, sau ɗayan nan na ƙarshe.

Na tari Jossy da maganar. Ya cire hula, ya mayar, ya ce, "Freda, 'yar'uwa, ke ma kin sani. Mace ba ta ajiye albasa a tebur. Ba ni na kafa dokar ba." Amma ya ce akwai ƙofa ɗaya. In mutum ya mutu ya bar shuka a ƙasa, namiji daga danginsa mai sunan gidan yana iya tsaya masa. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance a cikin lambun da ƙafafunsa ranar da kwamiti ke zagayawa suna buga wa albasa hatimi, a ƙarshen Agusta. Mahaifinka da Wilf 'ya'yan wa da ƙani ne. Mu ba mu haifa ba. Teasdale ɗin da suka rage kai ne, sai waɗanda ke kwance bayan coci. Ba noma za ka yi ba, tsayuwa ce kawai.

Sai kuma wata tambaya, kada ka yi mini dariya. Kai da ka tafi jami'a karatun kalmomi, wannan kalmar da muke cewa mutum ya faɗi, ko ya kasa, daga ina ta fito? Mene ne ainihin ma'anarta? Na san kai za ka fi kowa sani.

Ka sa rigar sanyi.

Taka,
Anti Freda

*

Thornhope, Mayu

Alwyn ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa na ji shiru. Ni ina nan. Ƙugun ya ɗan lafa da rana ta fara leƙowa, sai dai barci da ya zama kamar baƙo, ya zo ya gaisa ya tafi.

Ban sani ba ko wasiƙata ta same ka. Mai rabon wasiƙu ya fara ɗaga mini hannu daga nesa yana girgiza kai tun kafin in buɗe ƙofa, abin har ya fara ba ni kunya. Yanzu daga bayan labule nake duba shi. In rubutuna ne ya yi maka wuyar karantawa, ka yi haƙuri. Ka san ina da sha huɗu aka cire ni daga makaranta aka sa ni wanke-wanke a gidan manajan rami.

Na dasa albasar a waje. Na yi kwanaki ina yi, a durƙushe a kan tsohon buhu, in dasa kaɗan in huta. Eddie Stobbs na lambun kusa ya jingina da shinge yana kallona, taba a baki.

Ya ce, "Freda, kin matse su da yawa. Albasa kike dasawa ko fasinja kike lodawa a bas?"

Na ce, "Haka Wilf yake yi."

Ya ce, "To ai shi ya sa."

Na ce ya kula da nasa lambun. Da na dawo washegari sai na tarar da baro cike da takin doki a bakin ƙofar lambun, ba wanda ya ce shi ya kawo. Na ƙara musu tazara kaɗan, amma ban gaya masa ba.

Gidan nan ya yi mini girma, Alwyn. Har yanzu kofi biyu nake saukewa. Tun da aka rufe ramin, layinmu ba ka jin takalman maza da asuba, ga shi kuma tarin Wilf da nake yi wa faɗa a kai, shi ma babu. A lambu kawai nake magana da ƙarfi. Ina gaya wa albasa abin da ke faruwa a gari. Ba su da gulma, wannan na yaba musu.

Ba na so in dame ka, na san kana da manyan abubuwa a gabanka. Layi biyu ma ya isa, in san kana raye.

Taka,
Anti Freda

*

Landan, Yuni

Anti Freda,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau. Wasiƙunki biyu duk sun zo.

Wa ya gaya miki? Ina so in sani kawai. In ke kin ji, to duk layin ya ji, in layin ya ji, kulob ya ji.

Na taso a gabanku, na san yadda ake magana a Thornhope. Ba a ce wa mutum ya faɗi. Sai a zauna kusa da shi a tambaye shi, cikin ladabi, ko ya san daga ina kalmar faɗuwa ta fito, tunda shi zai fi kowa sani. Daga bakin Stobbs zan iya ɗauka. Daga gare ki ban zata ba.

To gaskiya ne. Na faɗi jarrabawar ƙarshe bara, aka ba ni dama na sake, na sake faɗuwa. Jami'a ta sallame ni tun kafin rasuwar Baffa. Ba karatu ne ya hana ni zuwa jana'iza ba. Yanzu kwanuka nake wankewa a kicin ɗin wani otal.

Hoton nan nawa da aka yanko daga jarida ranar da zan tafi, wanda aka manna a bangon kulob, ki ce wa Jossy ya cire shi.

Maganar tsayawa a lambu, ba zan iya ba. Ki yi haƙuri. Teasdale ɗaya da ake yi wa dariya ya ishi gari.

Alwyn

*

Thornhope, Yuni

Alwyn ɗana,

Ina gaishe ka, kuma na gode wa Allah da kake lafiya. Ni ma lafiya.

Ba wanda ya gaya mini. Ba wanda ya sani. Wallahi daga takardarka na fara ji. Ni da nake zaune ina cewa yaron nan ya yi girma ya fi ƙarfin amsa wa tsohuwa, ashe kana can kana riƙe da wuƙar da ban san na miƙa maka ba.

Don Wilf na yi tambayar. Kalmar da Jossy ya faɗa a kansa ce ta hana ni sakat, na ce bari in tambayi wanda ya san kalmomi, ko a gindinta akwai abin da zai sa ta yi mini sauƙin haɗiya. Iyakar abin ke nan. Yaushe ka taɓa jin na yi wa mutum habaici? Ni in zan zage ka, sunanka zan kira in zage ka, ka tambayi Stobbs.

Amma zan yi maka faɗa ɗaya. Ka zauna kai kaɗai da wannan abu tun hunturu, a garin da ba wanda ya san mahaifinka. Ni ma ina nan ni kaɗai. Mutum biyu, kowa yana kallon bango, kuma kan sarki ɗaya ne tsakaninmu. Wannan wauta ce, ɗana, kuma ba a jami'a aka koya maka ita ba, gadonta ka yi. Haka mahaifinka yake.

Wanke kwanuka ba abin kunya ba ne. Ni da shi na fara. Ka riƙa shafa mai a hannu kafin ka kwanta, in ba haka ba fatar za ta tsage.

Hoton yana nan inda yake. Ba zan ce a cire ba, don in na ce a cire za a tambaye ni dalili, ni kuwa ba zan ba kowa labarinka ba. Naka ne.

Abin da ka ce na Teasdale ɗaya da ake yi wa dariya ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Duk shekara Wilf yana wanke albasarsa da soso mai laushi, ya naɗe su a tawul ɗina mai kyau, ya sa kwat, ya ratsa layi da su. Ya san inda za a ajiye su. Na taɓa ce masa, "Wilf, me ya sa ba za ka karɓi iri daga Jossy ba, ka huta?" Ya ce, "In na ci da irin Jossy, ai Jossy ne ya ci." Na babansa yake shukawa, iri ne mai taurin kai, ba ya girma. Ban ce maka yana da wayo ba. Na ce maka dai ba ya ɓuya.

In ba za ka iya zuwa ba, ba zan riƙe ka a zuci ba. Amma har yanzu ba ka amsa mini tambayata ba.

Taka,
Anti Freda

*

Landan, Yuli

Anti Freda,

Gaisuwa da neman gafara. Ina fata ƙugun ya bar ki kin sarara. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bayan kicin, sai da mai dafa abinci ya leƙo ya ce, "Kai Farfesa, albasa ce ta sa ka hawaye ko budurwa?" Na ce albasa ce. Bai san gaskiya na faɗa ba.

Ki yafe mini. Tun da abin ya faru, ko mutum ya ce mini ina kwana sai in ji kamar da wata manufa.

Ga amsarki. Ranar hutuna na je ɗakin karatu na unguwa na duba, don kada in gaya miki abin da ban tabbatar ba.

Kalmar nan ta Turanci, fail, ba tamu ba ce ta asali. Daga bakin Faransawa ta shigo ƙasar nan, shekaru ɗari bakwai ko fiye da suka wuce. Su kuma daga Latin suka gaje ta, inda take nufin a sa wa mutum ƙafa ya yi tuntuɓe, ko a yaudare shi. Wato a can farko ba abin da mutum ya yi ba ne, abin da aka yi masa ne.

Da ta zo nan, an daɗe ana faɗinta a kan abin da ya ƙare ko ya yanke. Rijiya ta ƙafe, a faɗe ta. Amfanin gona ya ƙi, a faɗe ta. Ƙarfin tsoho ya tafi, hasken rana ya dushe da yamma, duk ita ce. Ana kuma faɗinta in mutum ya sa rai da kai ba ka zo ba. Maganar jarrabawa daga baya ta shigo. Ɗaukar kalmar kuwa a mayar da ita sunan mutum sukutum, a nuna shi a ce ga abin da yake, wannan sabon abu ne, bai kai shekara ɗari biyu ba. Kakannin kakanninmu ba su san a kira mutum haka ba.

Ban sani ba ko wannan zai sa ta haɗiyu. Ni dai na daɗe zaune a gaban littafin.

Maganar Agusta, zan yi ƙoƙari.

Naki,
Alwyn

*

Thornhope, farkon Agusta

Alwyn ɗana,

Gaisuwa da murna. Lafiyata lau, har na fara cin abincin rana a tebur maimakon a tsaye.

Na karanta bayaninka ya fi a ƙirga. Na kai shi lambu na karanta wa albasa, na kai shi bayan coci na karanta wa Wilf. Abin rijiyar nan ya fi zauna mini. Rijiya in ta ƙafe ai ba a zaginta, sai a tuna ruwan da aka sha. Wanda ya iya zaƙulo wannan ya rubuta shi yadda irina za ta gane, ban san me malaman nan suke nema a wurinsa ba kuma.

Na ba Jossy sunanka, ya rubuta. A gidan Teasdale in namiji ya ce zai yi ƙoƙari, to ya riga ya ɗaura takalmi. Asabar ta ƙarshen wata ce, da hantsi. Daga tashar jirgin ƙasa ta Durham ka gangara wurin bas, har yanzu a gefen kantin kifi yake tsayawa.

Na shanya katifar ƙaramin ɗaki, na wanke labule. Zan yi maka gashin naman nan da dankali da kake so.

Albasar kuma sun yi kai. Ba zan yi ƙarya ba, na Stobbs sun fi su, amma suna da sheƙi.

Sai ka zo,
Anti Freda

*

Thornhope, ƙarshen Agusta

Alwyn,

Ina gaishe ka. Ina fata ba ciwo ko hatsari ne ya same ka ba. In ɗayansu ne, ka sa wani ya rubuto mini. Ni lafiya.

Zan gaya maka yadda aka yi, don kana da haƙƙin sani.

Na je lambu da wuri da butar shayi da kofuna. Na sa rigata ta coci, ban san dalili ba. Jossy ya bar lambunmu a ƙarshe da gangan, ya zagaye kowa tukuna. Ya iso da hatimin a cikin tsohon gwangwanin taba, ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya ce ƙafafunsa ne suka gaji. Daga wurin ana hango kwanar da bas ke ɓullowa.

Na farko ya zo, mata biyu suka sauka da kayan cefane. Jossy ya ce shayin ya yi daɗi, a ƙara masa.

Stobbs yana jingine da shinge. Ya ce, "Haba Jossy, buga mata mana. Wa zai sani?"

Jossy ya ce, "Ni zan sani. Kai za ka sani. Kafin rana ta faɗi matarka ta sani, ka ga an gama."

Stobbs ya ce, "To ni zan tsaya. Kakata ta taɓa yi wa wani Teasdale wanki."

Jossy ya ce, "Da wannan hancin? Ko makaho ba zai ɗauke ka Teasdale ba."

Suna yi ne don in yi dariya, na sani, na kuwa yi musu.

Bas na biyu ya zo, bai ma tsaya ba. Sai na ga Jossy ya buɗe gwangwanin, ya fito da hatimin, yana jujjuya shi a hannu yana kallon ƙasa. Mutumin nan tun muna yara ban taɓa ganin ya karya doka ba, ko ta wasan kati. Na ga yana shirin yi saboda ni, wuyansa har ya yi ja.

Na ce, "Mayar da shi, Jossy. Wilf da gaskiyarsa yake faɗuwa, ba za a shigar da shi ta taga ba."

Ya mayar. Ya tsaya ya dubi layin albasar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi wa na kowa, ya ce, "An kula da su, Freda." Ya sa hula ya tafi.

Na zauna har bas na uku, na abincin rana, ko da yake ya riga ya zama banza. Naman na ba Stobbs ya kai gida.

Na sake duba wasiƙarka da na dawo. Ƙoƙari ka ce za ka yi, ba ka ce za ka zo ba. Ni na ƙara sauran da kaina. Don haka ba na tuhumarka da saɓa alkawari. Amma na sa rai, Alwyn, kuma ba zan ce maka ban sa ba.

Anti Freda

*

Landan, Satumba

Anti Freda,

Ina gaishe ki. Ba ciwo, ba hatsari.

Na zo. Na hau jirgin farko, na sauka a Durham, na gangara har gefen kantin kifi da jakata. Bas ɗin yana tsaye, an rubuta Thornhope a goshinsa. Sai na ga direban. Keith Nattrass ne, ajinmu ɗaya a firamare. Ya hango ni ta gilashi, ya buɗe ƙofa yana washe baki, ya ce, "Kai! Ga Dakta ya dawo! Shigo mana, ko bas ya yi maka ƙanƙanta yanzu?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Murna yake yi. Na ce masa na manta wani abu a tasha. Na koma na zauna a benci, ina jin agogon babban coci yana bugawa, har lokacin ya wuce. Na hau jirgin yamma.

Kin tambaye ni ma'anar kalmar, na ce miki ana faɗinta in mutum ya sa rai da kai ba ka zo ba. Ba ni da abin ƙarawa.

Ba sai kin amsa ba.

Alwyn

*

Thornhope, ƙarshen Satumba

Alwyn ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, hannuwan kuma ba su tsage ba. Ni sanyi ya fara shigowa, ƙugun ya dawo bakin aikinsa. Ba kai za ka gaya mini in amsa ko kada in amsa ba.

Na yi fushi da kai, kwana da kwanaki. Sai na riƙa ganinka a bencin nan da jaka a kan cinya, ba ka ci komai ba, ni kuma ina nan da nama a murhu, tafiyar bas ɗaya tsakaninmu. Fushin ya kasa zama.

An yi gasar ranar Asabar. Da yamma, lokacin da ake buɗe wa mata su shiga kallo, na je. Na ce ba zan je ba, ƙafafuna suka kai ni. Teburin yana nan yadda ka san shi, farin ƙyalle, na ɗaya a can kusa da dandamali, ana gangarowa har bakin ƙofar bayi. Na bi shi a hankali har ƙarshe. Na zaci za su bar ɗan fili a inda Wilf yake zama. Ba su bari ba. Tebur ba ya barin fili, kowa ya matso da taki ɗaya. Sunan Teasdale bai hau ba, kuma ba zai sake hawa ba. Na tsaya a wurin har na haɗiye wannan.

Ka san na wa ne a ƙarshen? Na Eddie Stobbs.

Yana tsaye a gefe da kofin giya bai sha ba, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci. Maza suna wucewa suna dafa kafaɗarsa. Wani ya ce, "Barka da sabon gida, Eddie, ga bayi kusa." Ya yi dariyar dole. Da ya gan ni ya matso.

Ya ce, "Freda, mijinki ya cuce ni."

Na ce, "Da me?"

Ya ce, "Shekara nawa ina zuwa nan ina komawa gida in ce wa matata Mavis, to, ba ni ne na ƙarshe ba. Ashe shi yake tare mini iska." Ya dubi albasarsa, ya dubi ƙofar bayin. "Wurin nan da sanyi. Kuma duk wanda zai shiga sai ya kalle ka. Yaya yake yi yana tsayawa nan yana gaisawa da mutane?"

Na ce ban sani ba, ban taɓa tambayarsa ba.

Ya ce, "Da naki sun shiga, da sun rufa mini asiri."

Na ce, "Ko kuma da sun wuce naka, Eddie. Ba wanda zai sani yanzu."

Ya ɗaga kofinsa kaɗan wajen ƙarshen teburin, ya sha. Ni kuma na fito tun kafin a fara rabon kyauta.

Na tone albasar Wilf washegari. Suna rataye a kicin, sun fi ƙarfin bakin mutum ɗaya, duk gidan warinsu yake. Na kulle ɗakin gilashin. Yanzu da safe in na sha shayi ban san inda zan nufa ba, wannan ne abin da ban yi shirinsa ba.

Ga abin da nake so da kai. Ba zan sake cewa ka shigo Thornhope ba, sai ranar da ƙafarka ta yarda. Amma ka iya zuwa Durham, ka nuna ka iya. Ka zaɓi ranar hutunka, ka rubuto mini, ka hau jirgin nan ka zauna a bencinka. Ni zan hau bas ɗin Keith in zo, in ya tambaye ni in ce kifi zan saya. Zan kawo abinci a kwano, mu ci a wurin. Tasha dai ba ta da dokar hana mata.

Taka har kullum,
Anti Freda